Uba mai 'ya'ya 533: abin da ya kayar da fim ɗin Delivery Man

Tambayar ita ce: "Na kalli Delivery Man na Vince Vaughn, na sha dariya, har wani wuri ya so ya sa ni ƙwalla. Da na duba sai na tarar masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, alhali an ce akwai na asali da Faransanci wanda aka yaba. In labari ɗaya ne kuma darakta ɗaya, me ya raba su? Ko dai masu sharhin ne ke da son zuciya?"

Malam, da farko kada ka ji kunyar dariyarka, haka ma ƙwallar. Don su aka gina fim ɗin, kuma wanda ya gina shi ya san aikinsa. Na daɗe ina koyar da rubutun labarin fim, kuma waɗannan biyun suna cikin abin da nake sa ɗalibai su kalla a jere, domin da wuya a samu gwaji mai tsafta irinsu. Labari ɗaya, darakta ɗaya, shekara biyu tsakani, manyan abubuwan da aka canja su ne harshe da gari da jarumi. Duk bambancin da ya fito, ka san inda za ka neme shi. Wanda bai kalla ba ya sani, zan fasa ƙwai har ƙarshen labarin. Hukuncin ba da maniyyi a addini kuwa fagen malamai ne, ni fim aka tambaye ni.

David Wozniak direban motar kai nama ne a shagon mahaifinsa a New York, iyalin 'yan asalin Poland. Mutum ne mai kirki wanda ba a dogara da shi: a ba shi saƙo ya manta, a ba shi mota a dawo da takardar tara. Ana bin sa bashin dala 80,000, masu bashin kuma ba mutanen arziki ba ne. Budurwarsa Emma, 'yar sanda, ta samu ciki, ta ce gara ta reni abinta ita kaɗai. Ana cikin haka lauyan wani asibitin taimaka wa masu neman haihuwa ya same shi da labari. Shekara ashirin baya David ya sayar wa asibitin maniyyinsa har sau 693 da sunan ɓoye, Starbuck. Asibitin ya yi ta amfani da shi ba lissafi, aka haifi yara 533, kuma 142 daga cikinsu sun haɗu sun shigar da ƙara suna neman a bayyana musu ko wane ne. Aka ba David ambulan mai ɗauke da takardun bayanin waɗannan 142, abokinsa lauya ya ce kada ya kuskura ya buɗe. Ya buɗe. Sai ya riƙa zaro takarda ɗaya-ɗaya yana bin mai ita a ɓoye yana yi masa alheri.

Na asalin sunansa Starbuck, ya fito a 2011 a lardin Kebek na Kanada, Ken Scott ya ba da umarni, shi da Martin Petit suka rubuta, Patrick Huard ya ja fim ɗin. Sunan ma da kansa barkwanci ne na gida: Starbuck wani bijimi ne da ya yi suna a Kanada, wanda aka yi wa shanu baye da maniyyinsa har ya bar 'ya'ya mata sama da 200,000. Mutumin Kebek yana jin sunan zai yi murmushi. Ba'amurke kuwa in ya ji, shagon kofi zai tuna. A gida Starbuck ya yi kasuwa sosai, ya ci kyautar Genie, wato lambar yabon fina-finan Kanada, a ɓangaren rubutun labari, kuma a bikin fina-finai na Toronto yana cikin waɗanda suka biyo bayan zakara a ƙuri'ar 'yan kallo. Kamfanin fim na Amurka DreamWorks suka sayi labarin, suka yi abin da ba a cika yi ba, suka bar wa Scott ɗin ya sake ɗaukarsa da kansa da Turanci.

Sai dai a rage wa zancen gishiri ta ɓangare biyu. Starbuck ba wani gagarabadau ba ne a wurin masu sharhi. Da ya isa Amurka akwai waɗanda suka ce zaƙinsa ya yi yawa. A ma'aunin Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara ra'ayin masu sharhi, ya haura rabi, Delivery Man kuma bai kai rabin ba. Shi ma Delivery Man ba faɗuwar baƙar tasa ya yi ba. An kashe masa kimanin dala miliyan 26, ya tara sama da miliyan 50 a duniya, wanda in ka cire rabon gidajen sinima da kuɗin talla ba abin a buga ganga ba ne, ba kuma abin zaman makoki ba. An sake shi ranar 22 ga Nuwamba 2013, rana ɗaya da kashi na biyu na The Hunger Games. A kwana ukun farko wancan ya kwashi dala miliyan 158 a Amurka, David da 'ya'yansa suka tashi da kusan miliyan 8.

Dalili mafi sauƙi na saɓaninka da masu sharhi shi ne kalanda. An kai Starbuck sinimomin Amurka a Maris 2013, na Turancin ya biyo a Nuwamba. Wata takwas ke nan. Mai sharhi da aikinsa ke nan ya riga ya kalli na farko, ya shigo na biyu ya tarar da fitowa bi da fitowa iri ɗaya, har kalaman baki da yawa ba a taɓa su ba. An mayar da ƙwallon ƙafa ƙwallon kwando, an mayar da Montreal New York, shi ke nan. Labarin ban dariya kuwa ba a ba mutum shi sau biyu. Kai da ka zo ba ka san komai ba, lambar 533 ta dake ka yadda aka so. Su tuni ta huce musu, sai idonsu ya koma kan ɗinkin rigar.

Da suka duba ɗinkin, abin da suka fara gani shi ne jarumi. An yanka rigar David ne a jikin Patrick Huard: mutum mai tumbi kaɗan, gashi a hargitse, fuskar wanda bai gama farkawa daga barci ba. In ya yi shiru ka yarda bai san abin da zai ce ba ne. Vince Vaughn kuwa jarinsa bakinsa. Abin da ya yi masa suna, kamar a Wedding Crashers na 2005, shi ne zuba kamar kanya, ya yi ta magana har ya ɗaure mutum da igiyar zance ya sayar masa da abin da bai nema ba. Dogo ne, idonsa a buɗe, kamannin wanda ya fi kowa wayo a ɗakin. A nan aka ce ya rufe baki ya riƙa kallon yara da idon tausayi. Ya yi ƙoƙari, kuma akwai wuraren da shirun ya karɓe shi. Amma mai kallo da ya san shi yana ta jiran lokacin da bakin zai ɓalle, bai ɓalle ba. Wanda ya zo don barkwancin Vaughn ya koma da yunwa, wanda ya zo don labari mai taɓa zuciya kuma ya kasa yarda cewa mai wannan idon zai yi sakarcin da David ke yi. Aka tashi ba tsuntsu ba tarko.

An kuma wanke fim ɗin. Starbuck a Amurka alamar R aka ba shi, wato ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba. Yana buɗewa ne a cikin asibitin, da saurayin David da ƙoƙon gwaji a hannu, ba kunya ba tsoro. Delivery Man an sassauta shi zuwa PG-13, alamar da ba ta hana yara shiga, don iyali su shigo. Matsalar ita ce wancan ɗan dattin shi ke riƙe zaƙin labarin kada ya gundura. Da aka cire shi aka ƙara hasken kyamara da kiɗan taushi, sai sukarin ya fito fili.

Duk waɗannan ƙananan dalilai ne. Babban ciwon yana cikin labarin kansa, yana nan a Starbuck ma, fara'ar Huard da baƙuntar harshe ne suka lulluɓe shi. Fim ne a kan zama uba wanda ya cire duk abin da ke sa zama uba ya yi nauyi.

Dubi yadda ambulan ɗin ke aiki. David ya zaro takarda, ya je, ya tarar da matsala, ya warware ta, ya koma gida ya zaro wata. Yaro yana aiki a shagon kofi, yana son zuwa gwajin wasan kwaikwayo, ba wanda zai tsaya masa. David ya ɗaura atamfar aiki ya tsaya, ya ba shi aron mota, ya yi ta ɓata wa mutane kofi, yaro ya dawo ya samu aikin wasan. Minti nawa? Ba su kai goma ba. Kowane ɗa an ba shi sifa ɗaya tak da za a gane shi da ita: mai ƙwallo, mai kiɗa a bakin titi, mai ceton masu ninkaya. Ba mutane ba ne, darussa ne aka jera wa David don ya girma. Kuma ikon duk yana hannunsa. Shi ke zaɓar ranar da zai zama uba da ranar da zai huta, ba wanda zai buga masa ƙofa da ƙarfe ukun dare.

Inda abin ya fi fitowa shi ne fitowar yarinyar nan mai shan ƙwaya. David ya shiga ɗakinta da sunan mai kawo abinci, ya tarar ta sha fiye da kima ta sheme, ya kai ta asibiti. Likita ta ba da shawarar a kai ta gidan gyaran masu shaye-shaye. Yarinyar, da ba ta san ko shi wane ne ba, ta roƙe shi ya yi kamar shi ne babanta ya sa hannu a sallame ta, domin ta samu sabon aiki a wani babban kanti kuma ta yi alkawarin za ta daina da kanta. Ya sa hannu. Washegari ya laɓe a bakin kantin yana duba agogo, zuciya na dukan uku-uku, can sai ga ta ta iso tsaf da ita. Kiɗa ya tashi, mai kallo ya sauke ajiyar zuciya. To, duk wanda ya taɓa zama da mai wannan lalura ya san safiya ɗaya ba ta nufin komai. Abin da David ya yi ganganci ne da ran mutum, ya saɓa wa likita a kan yarinyar da ya sani na awa biyu. A fim mai gaskiya nan ne labari zai fara: ta koma ruwa bayan sati uku, shi kuma ya ɗauki alhakin sa hannunsa. A nan kuwa an ba shi lada, an wuce takarda ta gaba. Irin wannan wurin ne mai sharhi ke ajiye biro ya ce an raina masa hankali.

Sannan ga tambayar da nake yi wa ɗalibai bayan an kunna fitila, kuma kullum sai ajin ya yi tsit: ina iyayen yaran? Yara 533 na nufin ɗaruruwan mata da suka ɗauki ciki wata tara, suka yi naƙuda, suka yi jego, suka yi zaryar asibiti da makaranta shekara ashirin. Da yawansu da mazajensu, waɗanda suka karɓi ɗa suka ba shi sunansu suka ci wahalarsa. Kusan ba ka ganin ko ɗaya a fim ɗin. Yaran suna yawo kamar daga sama suka faɗo, suna jiran mutumin da gudummawarsa ba ta wuce 'yan mintuna a ɗakin asibiti ba, an kuma biya shi. Ba mantuwa ba ce. Marubutan sun san in mace ɗaya ta shigo ta dubi David ta ce "kai a wa?", ginin duka zai rushe. Ka kwatanta fitowa guda: mutumin da ya reni mai ƙwallon kwandon nan, wanda ya yi ta kai shi atisaye cikin sanyi tun yana ɗan shekara bakwai, yana zaune a filin wasa, kusa da shi ga wani baƙo yana tsalle yana ihu wai jininsa ne. Akwai dariya a wurin, akwai ciwo, kuma daga rami ɗaya suke fitowa. Fim ɗin ya ga ramin ya kewaye.

Abin da ke sa haɗa ban dariya da ban tausayi ya yi wuya ke nan. Mutane na cewa taura biyu ba ta taunuwa, amma an tauna, tun fim bai fara magana ba. A The Kid na 1921, Charlie Chaplin matalauci ne da ya tsinci jariri a lungu. Ya rataye butar kofi ya mayar da ita bulumboti, ya huda kujera ya yi wa yaro wurin zama na bayan gida. Da yaron ya tasa, shi ke jifan tagogin mutane, uban riƙon ya biyo baya da gilashi a goye yana neman aikin gyara. Kana dariya, amma abin da kake wa dariyar shi ne talauci da dabarar riƙon ɗa ba da ko sisi ba. Saboda haka ranar da hukuma ta zo ta jefa yaron a bayan mota za a kai shi gidan marayu, yana miƙo hannu yana kuka, ba a bukatar a canja giya. Abin da ya ba ka dariya ɗazu shi ne ake ƙwacewa yanzu. Chaplin ya san abin daga ciki, shi kansa an raba shi da mahaifiyarsa yana yaro a Landan, kuma ɗansa na fari ya rasu kwana uku da haihuwa a 1919, gab da fara wannan aikin.

Haka Kramer vs. Kramer na 1979, wanda ya ci Oscar biyar. Safiyar farko bayan matar ta tafi, uba da ɗa suna haɗa karin kumallo, komai ya dagule, kasko ya ƙona shi, ya yi ashar. Kusa da ƙarshe, safiyar da za a zo a karɓi yaron, suka sake haɗa abincin nan, ba mai cewa uffan, hannu na bin hannu. Tsakanin safiyoyin biyu akwai wata da watanni na wanki da rigima a kan cin abinci da gudu zuwa asibiti da rasa aiki. Mai kallo ya ga an biya kuɗin wannan shirun.

A Delivery Man dariya daga wani gida take zuwa, kuka daga wani. Dariyar tana wajen rigunan ƙwallon da David ya yi sakaci da su, da wiwin da yake nomawa a ɗaki, da 'yan uwansa masu tsiya. Kukan yana wajen yaran. In an gama wannan sai a kashe, a kunna wancan, kiɗa ne ke gaya maka wanne ake ciki. Ga kuma 'yan bashi da ke danna kan mutum cikin ruwa, waɗanda kamar daga wani fim ɗin daban suka ɓato hanya. Aikinsu ɗaya ne, su ba David dalilin ɓoye kansa don ya ci diyya daga asibitin a kotu, in ba a bukatarsu sai su ɓace.

Wuri ɗaya ne dariya da kuka suka fito daga rijiya ɗaya, shi ne wajen Brett, abokin nan lauya da Chris Pratt ya fito a matsayinsa. Yana da 'ya'ya huɗu ƙanana, kuma shi kaɗai ne a fim ɗin ke yin aikin uba na gaske. Akwai inda suke zaune da David a bayan gida da dare, Brett cikin rigar barci, ido ya faɗa, yana ba shi shawarar kada ya yarda ya haihu. Yaran suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya nufi ramin yashin wasa zai kwanta, 'yar ƙaramar ta tsaya tana ta marin fuskar uban, shi kuwa ya ci gaba da magana ko gezau, kamar wanda ya saba da ruwan sama. Ka lura ko a cikin masu kushe fim ɗin da yawa sun yaba wa Pratt. Ba don ya fi Vaughn iya wasa ba ne kawai. An ba shi abin da yake gaskiya ne ya riƙe, gajiya da ƙauna a cikin jiki ɗaya.

Fitowar Ryan ita ce na tabbata ta sa ka ƙwalla, kuma ita ce ta fi raba kan mutane. Ryan ɗa ne mai naƙasa da ke zaune a gidan kula da irinsu, ba ya magana. David ya je, ya rasa abin yi, ya zauna, ya tura kekensa, ya ba shi abinci, ya wuni. Ni ina ganin nan ne fim ɗin ya fi kusa da gaskiya, domin shi ne ɗa ɗaya da ba a iya warware matsalarsa kafin la'asar, kuma nan ne shirun Vaughn ya yi amfani. Sébastien René ne ya yi wasan a fina-finan biyu, Scott ya taho da shi daga Kebek. Amma masu cewa an yi amfani da yaron ne a matsayin sabulun wanke David su ma ba su yi ƙarya ba. Ba mu san abin da Ryan ke so ba, ba mu san wa ya kai shi wurin ba, ba mu san wa ke zuwa duba shi ba. Kyamara tana kan fuskar David, tana auna yadda abin ya taɓa shi.

Wani abin da ya ƙara wa masu sharhi haushi shi ne batun ba tatsuniya ba ne, kuma lokacin yana da zafi. Suwidin ta hana ɓoye sunan mai ba da maniyyi tun 1985. Birtaniya ta bi sahu a Afrilun 2005: wanda aka samu cikinsa ta wannan hanya daga lokacin, in ya kai 18, yana da ikon sanin sunan mutumin, kuma ba a yarda a yi amfani da na mutum ɗaya a gida fiye da goma ba. Kanada ta haramta biyan kuɗi a kansa a 2004. A 2011, shekarar da Starbuck ya fito, wata mata a lardin British Columbia ta ci shari'a a kan haƙƙin sanin asalinta, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2012. Amurka kuwa ba ta da dokar tarayya da ta ƙayyade adadi, sai shawarar ƙungiyar likitocin fannin, haihuwa 25 a cikin al'umma mai mutum 800,000. Lambar 533 da aka ɗauka zuƙi ta malle ce ma daga baya ta zama labarin jarida: a Afrilun 2023 wata kotu a Holan ta hana wani mutum ci gaba da bayarwa bayan an gano ya haifi aƙalla 550.

Mutanen da abin ya shafa suna da tambayoyi masu nauyi. Wace cuta ce ke bin jinina? Yaya zan tabbata wanda zan aura ba ɗan ubana ba ne, in muna da yawa haka a gari ɗaya? Me ya sa aka ɓoye mini? Wasunsu suna cikin fushi, da asibiti, da iyayensu, da mutumin. A fim ɗin kuwa 142 ɗin nan kamar 'yan ƙungiyar zumunci, kyawawa, masu fara'a, suna shan iska a bakin tafki suna waƙa. Mutum ba ya kai ƙara kotu yana murmushi. An ɗauko mutane masu ƙorafi na gaske an mayar da su 'yan amshi.

Ƙarshen ma haka aka lallaɓa shi. David ya ci shari'a, an ba shi diyya muddin ya ci gaba da ɓuya. Ya zaɓi ya bayyana kansa ya rasa kuɗin, wanda da sadaukarwa ce babba, sai dai mahaifinsa ya riga ya ciro masa rabonsa na shago ya ba shi ya biya bashi. Ko zunubin farkon an wanke masa: ashe kuɗin da ya tara a asibitin da su ya kai iyalinsa Venice ta Italiya don cika burin mahaifiyarsa da ba ta da lafiya. Emma, da aka jingine ta gefe kusan duk tsawon fim ɗin da cikinta, ta ji cewa ɗanta yana da 'yan uba 533, ta yi fushi na ɗan lokaci kaɗan, ta sauko. Cobie Smulders, da ta fito a matsayin Emma, ta cancanci a ba ta abin yi fiye da haka. Daga nan sai rungumar taron dangi a asibiti.

Batun son zuciya, akwai ɗan ƙamshin gaskiya a zarginka. Masu sharhin Amurka sukan yi wa fim mai fassara a ƙasan allo sassaucin da ba sa yi wa na Hollywood, kuma a 2013 an fara gajiya da Vaughn bayan jerin fina-finan da ba su yi armashi ba, har da The Internship da ya fito a watan Yunin shekarar. Laifin da aka yafe wa Huard an caje shi a kan Vaughn. Amma laifin yana nan, ba ƙirƙirarsa suka yi ba.

In za ka bi shawarata, nemi Starbuck ka kalla, ka ga yadda jiki da fuskar ɗan wasa ke canja ma'anar kalma ɗaya. Bayan nan ka koma Delivery Man da takarda da biro. Duk inda David ya yi wa wani ɗa alheri, rubuta abin da alherin ya ci masa, kuɗi ne, ko barci, ko mutunci, ko wani abin da yake so. A gefe guda kuma ka riƙa ƙirga sau nawa aka nuna fuskar wata uwa daga cikin iyayen yara 533 ɗin nan.